Ina za a kai ƙananan yara su taka ƙasa, su ga ruwa da itatuwa a kusa da Maraɗi?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na zauren nan. Tambaya gare ni, kuma don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya. Yarana uku, babbar shekararta 7, sai 'yan biyu masu shekara 4. Jiya da marece babbar ta kawo mini littafinta na lakwal, an zana wani itace an ce su faɗi sunansa. Ta ce, "Inna, bedi ne." Na karɓa na duba, ashe kuka ce, har da 'ya'yanta suna reto. Yarinyar da kusan kullum sai ta sha miyar kuka, ba ta taɓa ganin kuka a tsaye ba. Duk itacen duniya a wurinta bedin ƙofar gidanmu ne. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, har na kwanta ina juyi. Ni a Tibiri na tashi, kafin in kai shekarunta na san kanya da magarya da aduwa, na san wadda ake tsinta a ƙasa da wadda sai an kaɗo.

To abin da nake nema shi ne wuri mai inuwa, da ruwa a kusa, inda za mu ɗan taka da ƙafa ba tare da 'yan biyun sun gaji sun ce a goya su ba. Ba gidan wasa mai lilo nake nufi ba, wannan muna kai su da salla. Maigidan ya ce tafkin Madarunfa, amma shi ma rabonsa da can tun yana kwalej. Wa ya je da yara kwanan nan?

Ɗan Madarunfa:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni can aka yanke mini cibiya, kuma har gobe tsohuwata tana can, duk ƙarshen wata ina zuwa. Maigidanki ya yi gaskiya, a duk kewayen nan ba ki da wurin da ya kai shi. Daga Maraɗi kamar kilomita 25 ne, ta kudu, a bi hanyar Ɗan Isa a ratse. In kuka fita bayan sallar asuba kuna can tun rana ba ta yi zafi ba.

Amma kada ki sa a ranki za ki zagaye tafkin da yara. Ba ƙaramin tafki ba ne, babba ma sai ya jigata. Abin da za ku yi shi ne ku aje mota a cikin gari, ku taka zuwa baki, ku bi gefen ruwan ta inda ƙasa take da tauri kamar minti ashirin, in kun samu inuwa mai kyau ku shimfiɗa tabarma. Ya isa. Yaro ɗan shekara 4 ba nisa yake nema ba, kowane taku goma sai ya tsaya ya tsinci wani abu.

Lokacinsa kuma yanzu ne. Bayan damina ruwan yana cike, daga Nuwamba har Janairu ga sanyi ga tsuntsaye. Da safe za ku ga kirinjijiya garke guda suna tashi da wannan fito nasu, ga balbela, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar an dasa shi. Masunta kuma suna dawowa da kwalekwale da tarwaɗa da karfasa. In aka shiga Maris zafi ya sauka, ruwan ya ja baya ya bar taɓo mai faɗi, a lokacin ba na ba kowa shawarar ya kai yaro.

Kawu na Bagalam:
Ɗiyata, ki yi haƙuri da abin da zan ce. Ni ban san wannan al'ada ba. Mu da muka tashi, daji wurin aiki ne. A je gona, a je itace, a je kiwo, a komo gida. Ba a ɗaukar mata da yara a tahi daji haka kawai don kallo. Wannan abin Turawa ne da kuke gani cikin waya. Kuma bakin ruwa ba wurin wasa ba ne, iyayenmu ba su hana mu zuwa da tsakar rana da almuru don banza ba. In kuka kike son yarinya ta gani, ki kai ta Tibiri wurin kakanninta da hutu, ta gani ta komo lahiya.

Maman 'Yan Biyu:
Kawu na gode, kuma maganarka a kaina take. Amma ka duba, ku da kuka je itace da kiwo, a can kuka san daji ba tare da kowa ya zaunar da ku ya koya muku ba. Mu yaranmu gas muke girki da shi, ruwa a pampo, makaranta a adaidaita. Hanyar da ta kai ku daji ta toshe musu. In ban ɗauke su da gangan na kai su ba, me zai kai su? Tibirin ma da muka je da babbar salla, filin da muke tsintar magarya duk an yanka shi an yi gidaje.

Kawu na Bagalam:
Wannan kam gaskiya ne. Hilin da nike kiwon awakin tsohona yanzu shaguna ne. To Allah shi tsare. Amma maganar ruwa ban janye ba.

Hajiya Mai Jinya:
Kawu kada ka janye, ni ma a kan ruwan zan yi magana, kuma ina roƙon duk uwar da ke zauren nan ta karanta har ƙarshe. Shekaru na yi ina aikin jinya a ƙauyukan bakin gulbi, abin da na fi gani a wurin yara maza 'yan shekara 6 zuwa 14 shi ne tsargiya. Uwa ta zo ta ce yaro yana fitsari da jini a ƙarshe, wata ma sai ta ce ai alamar girma ce. Ba girma ba ne, cuta ce.

Ga yadda take. A ruwan da yake kwance, tafki ko kududdufi ko magudanar lambu, akwai wasu ƙananan katantanwa da ke maƙale a ciyawar baki. Ƙwayar cutar a cikinsu take girma, ta fito ta yi ta yawo a ruwa, ido ba ya ganinta. Ba sai yaro ya sha ruwan ba. Ta fata take shiga. Ya tsoma ƙafa ya yi wasa na ɗan lokaci, shi ke nan. Ranar ba za ki ga komai ba sai ɗan ƙaiƙayi, wani ma babu. Sai bayan makonni ko watanni jinin ya bayyana, lokacin kin manta ma kun je wani tafki. Mai cutar kuma in ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya koma wa katantanwa, abin ya ci gaba da zagayawa.

Maganinta yana nan, praziquantel, shi ne wanda ake raba wa 'yan makaranta bayan an gwada tsawonsu da sanda. Amma me ya sa za ki kai lafiyayyen yaro ya ɗauko? Ban ce kada ku je ba. Ku je, ni ma ina kai jikokina. Sharaɗina ɗaya ne, kuma ba na sassauta shi ko yaro zai yi birgima a ƙasa: ƙafa ba ta taɓa ruwan. Ruwan sha da na wanke hannu da na alwala ku ɗauko a jarka daga gida.

Baban Abba:
Hajiya, ko an sa masa takalmin roba?

Hajiya Mai Jinya:
Malam, yaro ɗan shekara 4 da takalmin roba a bakin ruwa, minti nawa za a yi kafin ya tsuguna ya sa hannu? A tsaya a tudu kawai. Daga nan ma an fi ganin tsuntsayen.

Gwaggo ta Zariya:
Bari in ƙara a kan ta Hajiya, don ni a jikina na gani. Ba a Madarunfa ba ne, a wani kududdufi ne bayan garinmu, shekarun baya. Mun je mu huɗu mata, da yara sun kai bakwai. Muna zaune muna hira, kowacce tana ganin ai 'yar'uwarta tana kallonsu. Sai wata yarinya ta zo ta ja mini zane ta ce, "Gwaggo, ga ƙanena can yana kwance cikin ruwa." Ruwan ko gwiwata bai kai ba. Santsin taɓo ne ya kwashe shi ya kifa da fuska. Ba kuka, ba ihu, ba mu ji ko motsi ba. Allah ya sa da sauran kwanansa, yanzu har ya yi aure. Amma har yau in na tuna yadda na ɗago shi rigarsa tana zubar da laka, jikina rawa yake yi.

Don haka ƙanwata, kada ki ce mu da yawa ne. Yawan ne ma yake kawo sakaci. A raba tun daga gida: wane naki ne, wance tawa ce. 'Yan biyu kuwa mutum biyu suke so, ba ɗaya ba, don in ɗaya ya yi gabas ɗaya yamma zai yi.

Maman 'Yan Biyu:
Innalillahi. Gwaggo Allah ya saka da alheri, wannan ta shige ni. Ƙanwata za ta bi mu in sha Allahu.

Direban Ɗan Isa:
Duk kun yi maganar ruwa, ba wanda ya taɓo babbar maganar. Ni kullum a kan hanyar nan nake. Wa bai san halin da yankin iyaka yake ciki ba shekarun nan? Satar shanu, satar mutane don kuɗin fansa, ƙauyukan wajen Gabi sun sha wuya, dajin Baban Rafi kuwa kowa ya san an daɗe ana cewa ɓarayin suna fakewa a ciki. Yanzu a ce mutum ya kwashi matarsa da 'ya'yansa ya nufi kudu don kallon tsuntsu? Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na ga wani a wani zaure yana cewa a kai yara Baban Rafi su ga daji na gaske, na ce wannan bai san abin da yake faɗa ba.

Ɗan Madarunfa:
Yaya Direba, a kan Baban Rafi ina bayanka ɗari bisa ɗari. Kada kowa ya kai iyali can, ko da rana tsaka. Amma a bambanta. Tafkin a jikin gari yake, garin da ke da hukuma da jami'an tsaro da kasuwa, mutane suna kai da kawo tun safe. Mata suna wanki, masu lambu suna ban ruwa, masunta suna gyaran koma. Ba ƙungurmin daji ba ne. Ban ce babu komai ba har abada, wannan sai Allah. Abin da na ce a je da safe, a tsaya gefen da ke kusa da gari, a juyo kafin azahar ko da an idar da ita. Kuma a kira ɗan gari daren da za a tafi a ji labari. Baƙo ko da ido makaho ne.

Direban Ɗan Isa:
In da ɗan gari a gaba kuma ba a kai la'asar, na yarda. Amma ranar da aka ce muku kada ku zo, kada ku ce ai mun riga mun dafa abinci.

Mushen Firamare:
Ina jin daɗin muhawarar nan. Abin da yake ba ni takaici a matsayina na malami shi ne yaranmu sun haddace sunan kogin Sen na Faransa don jarrabawa, amma ka tambaye su ina Gulbin Maraɗi ya fito, ina ya nufa, sai su yi shiru. Ba su san daga ƙasar Katsina yake shigowa ba, ya ratsa mu, ya sake komawa Najeriya ta yamma. Ba su san cewa tsohon garin Maraɗi a cikin kwari yake ba, ambaliyar 1945 ce ta cinye shi aka hauro tudu inda muke zaune yanzu. Kakanninsu ne fa suka kwashe kaya a ka suka hauro.

Shi kansa tafkin Madarunfa ba ƙaramin wuri ba ne a idon duniya. Tun 2006 Nijar ta sa shi, tare da gandun dajin da ke kusa da shi da kaburburan waliyyai 99 da ake faɗa suna kewaye da shi, cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. A 2019 kuma aka shigar da shi cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare wurare masu dausayi, saboda tsuntsayen da ke sauka a nan, har da masu ƙetaro hamada daga Turai lokacin sanyi. Baƙi suna zuwa daga nesa da na'urar hangen nesa, mu muna kilomita 25 ba mu taɓa leƙawa ba.

Abu Sumayya:
Mushe, a nan ne zan ja hankali. Kada a fake da yawon shan iska a kai yara wurin kaburbura ana koya musu roƙon matattu. Wannan ba wasa ba ne a addini.

Kawu na Bagalam:
Yaro, ziyarar kabari a yi ma mamaci addu'a tun kahin a haihi ubanka ake yin ta. Wa ya ce maka roƙonsu ake yi?

Mai Kula da Zaure:
Kawu, Malam Abu Sumayya, don girman Allah a tsaya nan. Mun san inda wannan maganar take kai mu, kuma akwai malamai da suka fi mu sani. Baiwar Allah wurin da za ta taka da yara ta tambaya. Wanda zai yi ziyara ya yi, wanda ba zai yi ba ya wuce. Abin da na tabbata duk mun haɗu a kai shi ne kada a bar yaro ya hau kan kabari ko ya yi fitsari a kusa, ko na wane ne.

Abu Sumayya:
A kan wannan mun haɗu. Kawu ka yafe ni in na ɗaga murya.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ɗiyata, kin ce kuka ce ta tayar miki da hankali, to bari in ba ki abin da za ki yi da yaran in kun isa, don kada tafiyar ta zama cin shinkafa a ƙarƙashin itace kawai.

Kada ki ce za ki koya musu itatuwa ashirin. Uku sun isa rana ɗaya. Ki fara da gawo, don shi ne mai abin mamaki. Yanzu da rani za ki gan shi kore shar, alhali da damina da kowane itace ya yi ganye shi tsirara yake. Ki tambaye su me ya sa manomi yake barinsa a tsakiyar gona. Amsar ita ce ba ya tare wa hatsi rana da damina, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma masu lanƙwasa kamar kunne awaki suna rububinsu. Ki bar su su tsinto su cika aljihu. Na biyu goriba, itacen da gangar jikinsa take rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa. Ki nuna musu kaba, ki ce da wannan aka saƙa tabarmar da muke zaune a kai. Na uku duk wanda kuka samu da 'ya'ya a ƙasa, kanya ce ko magarya, ki wanke da ruwan jarka su ɗanɗana. Abin da yaro ya tauna ba ya manta sunansa.

Kuma ki sani itatuwan da za ku gani a gonaki a kan hanya ba haka kawai suka tsaya ba. Mu da muka ga farin 1984 mun san yadda ƙasar nan ta koma fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. A nan yankin Maraɗi aka fara abin da ake kira sassaben zamani, manomi ya bar tohon da ke fitowa daga tsohon kututture, ya rage rassa ya bar masu ƙarfi, maimakon ya sare ya ƙone. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi shekaru a nan yana yaɗa shi tare da manoma, yau har wasu ƙasashe sun ɗauka. Ya kamata 'yarki ta san cewa mutanen ƙasarta ne suka yi wannan.

Roƙona biyu. Kada a hura wuta a ƙarƙashin itace don shayi, ciyawa ta bushe yanzu, a zo da shi a fulas. Kuma ledar ruwa da ta biskit a mayar da ita gida. Na sha ganin an farke cikin akuya an ciro leda dunƙule guda.

Maman 'Yan Biyu:
Baba, wallahi na kwafe wannan na aje. Allah ya ƙara lafiya.

Amaryar Sabon Gari:
Ni ina da ƙorafi kaɗan. Duk maganar nan ta masu mota ce. Mu da maigida babur gare shi, ga goyo ga ɗan shekara 3, ba za mu yi kilomita 25 a hunturu ba. Mu abin da muke yi, ranar Lahadi da safe mukan gangara bakin gulbi wajen lambuna, inda mangwarori suke. Yanzu gulbin yashi ne, yaron ya yi ta gudu a kai ba abin da zai same shi. Wani lokaci mu miƙa har Jiratawa, ya ga yadda ake sakin ruwa a fadamar, mu sayo zogale ɗanye mu dawo. Ba tafki ba ne, amma akwai inuwa akwai kore. Sai dai a yi sallama da mai lambu kafin a shiga, kada yaro ya taka masa shuka.

Hajiya Mai Jinya:
Amarya wannan ma ya yi, sai dai magudanan ruwan lambun su ma dokar nan ta hau kansu. Kuma da damina kada ki kuskura ki sauka cikin gulbi ko da kin gan shi a bushe. Ruwan sama zai sauka can Katsina, nan rana tana haske, sai dai ki ji shi ya iso.

Baban Abba:
To me zai hana a haɗu? Motata tana ɗaukar mutum bakwai. Asabar mai zuwa in Ɗan Madarunfa zai je ganin tsohuwa, mu bi shi. Amarya ku zo ku shiga tawa, a haɗa kuɗin mai.

Ɗan Madarunfa:
Asabar ta yi. Zan kira gida ranar Juma'a da dare, in lafiya zan rubuto nan. A sa wa yara takalmi rufaffe da dogon wando, ba silifa ba. Ƙarangiya ta bushe, ga tsidau.

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum. Mun je mun dawo lafiya, alhamdu lillahi, kuma na ga ya zama dole in kawo muku labari tunda da shawararku muka tafi. Gida uku muka haɗu, manya bakwai yara takwas. Tun a mota muka yi rabon da Gwaggo ta ce, Hassan a hannuna, Husaini a hannun ƙanwata. Mun isa wajen bakwai da rabi, akwai hazo kaɗan da sanyi, har sai da na ɗaura wa 'yan biyun ɗankwali a kunne.

Da muka hango ruwan babbar ta tsaya cik. Ta ce, "Inna, wa ya zuba shi?" Ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce na kwatar unguwa da damina ba. Babanta ya tsuguna yana gaya mata daga gulbi yake shigowa in an yi ruwan sama, tana ta kallonsa tana kallon tafkin.

Tafiyar da aka ce ta minti ashirin, awa guda muka yi. Husaini ya ga ramin tururuwa ya ƙi gaba, sai da muka tsaya duka muka kalli yadda suke jan ƙwayar hatsi ɗaya su uku. Mun samu gawo kamar yadda Baba ya faɗa, kore shar, wasu awaki suna ƙarƙashinsa. Yaran suka cika aljihu da 'ya'yansa, Hassan ya miƙa wa wata akuya ɗaya ta karɓa a hannunsa, ya yi ihu ya ruƙunƙume ni, sannan ya ce a ƙara masa wani. Goriba ma mun gani. Wani dattijo masunci da muka gaisa da shi ya kira yaran, ya ɗago musu tarwaɗa daga cikin kwarya tana motsi, ya bar babbar ta taɓa gashin bakinta da yatsa. Nan take na wanke mata hannu da sabulu da ruwan jarka, Hajiya, ban manta ba. Ba wanda ƙafarsa ta taɓa ruwa, ko da yake Abba ya yi kuka sosai a kan haka.

Abin da bai yi daɗi ba shi ma zan faɗa. Ƙarangiya ta yi mana aiki, safar Husaini sai da na zauna na cire ɗaya bayan ɗaya yana hawaye, gara a sa wando mai santsi a tura ƙafarsa cikin takalmi. Babu wurin kewayawa, sai da muka koma gidan su Ɗan Madarunfa, tsohuwarsa ta karɓe mu kamar ta san mu shekara goma, har da fura. In ba ku da gidan da za ku shiga, ku yi tunanin wannan tun kafin ku taso, musamman mata. Kuma leda ta yi yawa a bakin ruwan ta wajen gari, abin ya ba ni haushi ƙwarai. Mun tsince wadda muka iya, buhu guda muka cika. Sha biyu da rabi muna kan hanyar gida, kafin mu kai Jiratawa duk sun yi barci.

Kuka ce dai ba mu samu ba ta gefen da muka bi.

Kawu na Bagalam:
Barka da dawowa ɗiyata, na ji daɗi da kuka komo lahiya. Kuka kuwa akwai wata tsohuwa a gonarmu ta hanyar Tibiri, mutum huɗu ba su rungume ta. Tun ina yaro haka na gan ta. Ki gaya ma maigidanki, Asabar ta sama in Allah ya kai mu ku biyo ta Bagalam ku ɗauke ni in kai ku. Akwai 'ya'ya bisa yanzu, a zo da ɗan buhu.

Amaryar Sabon Gari:
Kawu mu ma da mu. Ƙarfe nawa?

Kawu na Bagalam:
Bakwai. Ku iske ni bakin masallaci.